Zagayen Ƙafa a Gaɓar Kogin Wudil

Duk mai bin hanyar Maiduguri daga Kano ya san gadar Wudil, amma sanin tagar mota ne. Ka wuce Garin Dau, ruwa ya bayyana a ƙasa, ka hango kwalekwale da tsibin yashi, kafin ka gama kallo mota ta shige gari, masu tallan soyayyen kifi sun yanyame ta. Daga Kano zuwa nan bai fi kilomita 40 da 'yan kai ba, shi ya sa ba kowa yake ɗaukar Wudil wurin zuwa ba. Wurin wucewa ce, sai fa ranar Juma'a da kasuwa take ci.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a nan yake zaune. Tsohon malamin gona ne, ya karaɗe ƙauyukan yankin a kan babur tun a shekarun 1980, lokacin da KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, take tashe. Da ya ajiye aiki likita ya ɗora masa tafiyar ƙafa saboda hawan jini. Shi kuwa ya ce ba zai je ya yi ta kewaya filin ƙwallo da farin gemunsa yara suna kallonsa ba. Sai ya fitar wa kansa hanya: ya bi gaɓar kogi ya yi ƙasa, ya hau tudu, ya ratsa gonaki da ƙauyuka, ya shigo gari ta baya, ba ya maimaita sawunsa. Wannan zagayen ne na bi shi muka yi a farkon Disamba, wata ranar Alhamis.

Mun fita bayan sallar asuba, muka tsaya wajen mai koko muka ɗan taɓa da ƙosai, sannan muka gangara. Hunturu ya fara sauka, hazo ya kwanta a kan ruwa, ni ina sanye da rigar sanyi har ina cusa hannu a aljihu. Amma a wannan sanyin, masu haƙar yashi sun riga mu isa. Samari ne, daga su sai gajeren wando. Mutum ya ja numfashi ya nutse da bokiti, ya taso da shi cike, ya juye a kwalekwale, ya sake komawa. Idan jirgin ya cika har ruwa ya kusa shafar bakinsa, sai a tura shi gaɓa, wasu kuma su kwashe da shebur su tara. Tifofi na jere suna jira. Da yawa daga cikin bulo da simintin da ake ɗora benaye da su a Kano, yashinsu daga irin wannan nutson yake fitowa. Na yi musu sannu da aiki, ɗaya ya amsa haƙoransa na kaɗawa, ya ce, "Yawwa Alhaji, ai cikin ruwan ya fi waje ɗumi." Ban gwada ba.

Kawu ya nuna min tsakiyar kogin da sandarsa. "Ɗan nan, ka ga inda suke nutsewa? Muna yara, da rani a nan muke buga ƙwallon tsumma."

Ba ba'a yake yi ba. Ruwan da yake wucewa ƙarƙashin gadar Wudil haɗin koguna biyu ne, Kogin Kano da Kogin Chalawa, waɗanda suke gamuwa kafin su iso nan. Daga nan ya nausa ta wajen Ringim da Haɗejiya, ya bazu a fadamun Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are ya zama Kogin Yobe, har ya kai Tafkin Chadi. A da, kogin damina ne. Ya yi toroƙo a watan Agusta, ya malala a fadama, in rani ya yi nisa ya janye ya bar rairayi da 'yan kududdufai, mata su tona rami a cikin yashin su ɗebi ruwa, masu jakuna su tsallaka da ƙafa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan aka ƙara da ta Chalawa da ke Ƙaraye a 1992, sai aka kama ruwan damina aka riƙe, ana sakin sa kaɗan-kaɗan duk shekara. Tun daga nan kogin ya daina ƙafewa. Duk abin da na gani a rabin farko na tafiyarmu, daga wannan sauyin ya samo asali.

Muka kama 'yar siririyar hanyar da ta bi gaɓa, rana na ƙoƙarin ɓullowa a gabanmu. Ba hanya ba ce da wani ya shata, sawun mutane ne da na babura, tana bin kunyar wannan lambu ta karkata ta bi ta wancan. A wasu wuraren gaɓar ta zabtare, dole mu ratse. Kawu ya ce haƙar yashin na da hannu a wannan, domin in aka rarake ƙasan kogi, bakinsa ba ya da abin jingina.

Lambun kuwa ba iyaka. Fangali bayan fangali: albasa ta tsaya kore shar, tumatir an dasa bai daɗe ba, ga attaruhu, ga tattasai, ga alkama ta fara tsiri, can kuma rake ya yi duhu. Ko'ina ƙarar injin ban ruwa ce, wani na ja daga kogi kai tsaye, wani daga 'yar rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar gona, domin a fadama ruwa ba ya da nisa da sama. Mai ban ruwa na tsaye da fartanya, ya buɗe bakin wannan fangali, in ya sha ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Aiki ne mai son natsuwa, kuma na lura masu yin sa ba sa son doguwar gaisuwa, ido na kan ruwa.

Na tambayi Kawu ko akwai sauran mai jigo. Ya yi dariya ya ce in na ga jigo a nan in ɗauki hotonsa in kai gidan tarihi na Gidan Makama. Da jigo, in ji shi, magidanci da 'ya'yansa sukan wuni suna ɗaga guga, abin da za su shayar bai fi 'yan fangaloli a leɓen kogi ba. Ƙananan injuna ne suka ture shi, tun daga shekarun da su Kawu suke yawon nuna wa manoma yadda ake tayar da su, sannan shirin Fadama na shekarun 1990 ya ƙara yaɗa su. Da inji da mesa, ruwa ya hau inda bai taɓa hawa ba, lambu ya yi ta cin ƙasa yana nisa da gaɓa.

Wani dattijo da ya san Kawu ya tare mu, ya rantse sai mun zauna a bukkarsa. "Malam, yau da baƙo aka fito?" Kawu ya ce, "Ɗan yayata ne, daga birni." Dattijon ya dube ni ya dubi takalmina, ya ce Allah ya sa dai su kai ni. Injinsa ba da fetur yake aiki ba, tukunyar gas ce irin ta girki a gefensa. Ya ce tun da aka janye tallafin mai a 2023 lissafi ya ƙi fita, ya kai wa makaniki aka juya masa. Maƙwabcinsa kuma ya yi ƙoƙari ya sa mai aiki da hasken rana, ga farantan can a jingine. Muka taɓa hirar tumatir. Har yanzu in aka ambaci sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016, sai ka ga fuskar manomi ta sauya. Amma shi abin da ya fi damun sa ba tsutsa ba ce, lokacin da kowa zai kwashe nasa a mako guda ne, kwando ya faɗi warwas, mutum ya rasa ko kuɗin mota, sai dai a yanka a shanya a ƙasa. Ya cika min aljihu da ɗanyen karas kafin mu tashi. Ƙin karɓa rashin ladabi ne, na karɓa.

Gaba kaɗan muka iske masunta biyu suna janye kalli da suka kwana da shi a ruwa. Abin da ya kama ba yawa: karfasa ƙanana, tarwaɗa 'yan kaɗan, sai kurungu yana ta gurnani a ƙasan jirgi. Babban cikinsu ya ce ruwa ya yawaita amma kifi ya ragu, kuma ba abin mamaki ba ne. Kifi a ambaliya yake hayayyafa, in ruwa ya hau fadama ya shiga ciyawa. To fadamar an riƙe mata ruwa daga sama, an kuma nome ta daga ƙasa. Ba wai ambaliyar ta ƙare ba ne. In damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika suka tumbatsa, takan zo da ɓarna, kuma mutanen Wudil da Warawa ba su manta da ta 2001 ba. Wadda ta ɓace ita ce ta kowace shekara, mai zuwa a kan lokaci ta tafi a kan lokaci. Can ƙasa kuma wajen Haɗejiya, wannan ruwan da ba ya ƙafewa shi ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa. Balbelu dai ba ruwansu, suna bin bayan masu ban ruwa suna tsince-tsince, wani zalɓe kuma ya tsaya a tsibiri shi kaɗai.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da Kawu ya ce mu juya dama. Muka ba kogi baya.

Inda muka juya, wai burtali ne. Na ce wai, domin in da bai faɗa ba, da na ɗauka hanyar babur ce. Kawu ya taka daga wannan gefe zuwa wancan yana ƙirgawa a ransa, ya girgiza kai. Ya ce ya san wurin nan garke guda yana gangarawa mashaya ba tare da saniya ta goga jikin shinge ba. Yanzu mai gonar dama ya ɗan matso da kunya ɗaya bana, na hagu ya rama baɗi, ga shingen ƙaya an kakkafa. A nan ne na fahimci rigimar manoma da makiyaya da muke ji a rediyo fiye da yadda duk wani mai sharhi ya taɓa fahimtar da ni. Da rani, fadama ita ce rumbun makiyayi: ciyawa ɗanya da ruwa, lokacin da tudu ya bushe. Yanzu ranin ne lokacin da fadama ta fi kuɗi a wurin manomi. Mai lambu bai yi laifi ba da ya nemi abincinsa, ruwa ya zo ƙofar gonarsa. Amma saniya ma sai ta sha, kuma ba ta da fiffike. Ni a ganina wanda ya tare ruwan ya sake shi, shi ya kamata tun farko ya shata inda dabba za ta bi, a kafa alama da siminti, a kuma tsare. Barin dagaci da arɗo su yi ta sulhu bayan an riga an yi ɓarna, ɗora musu kayan da ba su suka ɗaure ba ne.

Muna cikin burtalin kuwa sai ga shanu sun gangaro, farare masu dogon ƙaho, a jere ɗaya bayan ɗaya saboda ƙuncin wurin. Muka manne da shinge. Yaron da yake kora su, da sandarsa a kafaɗa, idonsa na kan na gaba kada ta miƙa wuya cikin albasar mutane.

Hawa tudun ba wani hawa ba ne, amma ƙasa ta sauya nan take. Baƙar laka ta ƙare, jigawa ta karɓa, ƙafa na nutsewa cikin rairayi. Ƙarar injuna ta koma baya. Nan kaka ta riga ta wuce: gero an daɗe da kai shi gida, dawa ma an yanke, saura karan da aka tattara aka jingina tsibi-tsibi. Harawar wake da ta gyaɗa an ɗaure an ɗora a kan rassan bishiyoyi inda awaki ba za su kai ba. Kawu ya tsuguna ya nuna min sauran kututturan shuka, yadda aka jera gero, aka gitta dawa, aka cusa wake a tsakani. Ya ce a shekarun aikinsa an sha turo su su hana manoma wannan haɗin, su koya musu shuka iri ɗaya a layi. Manoman sukan ce "to, Malam," in ya tafi su ci gaba da abinsu. "Kuma su ne da gaskiya," in ji shi. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, in ya yi tsawo dawa ta yi kyau, wake kuma ya gyara ƙasa ya bar harawa.

A wannan yankin ba a barin gona ta huta, ba filin da za a bar ta. Taki ne yake riƙe da ita, shi ya sa tun yanzu har an fara kai shi, tsibi ƙanana a warwatse cikin gonaki. Da can manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi, har a haɗa masa da damin hatsi. Yanzu karan kansa kuɗi ne, harawa kuwa in rani ya tsananta har tsada take yi. Abin da ya haɗa su jiya ya zama abin sayarwa.

Bishiyoyin gonakin sun isa a yi tafiya domin su kaɗai. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, 'ya'yanta na reto. Ɗorawa da tsamiya da kanya kowacce da mai ita, kuma Kawu ya ce akan sayar da gona a ce ban da ɗorawar. Amma gawo ne ya fi burge ni, domin shi kaɗai yake yin abinsa a juye: da damina ya kaɗe ganye ya bar wa shuka rana, yanzu da kowa ya bushe shi kuma ya yi lif. Ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin tumaki. Gero na ƙarƙashin gawo ko daga nesa akan gane shi. Abin da ban gani da yawa ba shi ne ƙananan bishiyoyi masu tasowa. Manya ne tsofaffi, sai kututturen waɗanda aka sare.

Ƙauyen farko mun ratsa shi ba tsayawa, sai gaisuwa. Katangun ƙasa, dangar kara, rumbuna cike, luguden mata na tashi daga cikin gidaje, ana sussuka. A na biyun ne muka yada zango, a inuwar wata darbejiya ƙofar masallaci, inda dattawa suke zaune a kan tabarma ɗaya na gyaran igiya. Kawu ya cire takalmi ya gaida mai unguwa, "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya? Ya sanyi?" Aka ce sanyi lokacinsa ne. Aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka yi barka da kaka. Sai da aka gama duk wannan, wani ya yi tambayar da take cin kowa.

"To Malam, ina zuwa haka da ƙafa?"

"Wudil," in ji Kawu.

"Daga ina?"

"Daga Wudil."

Shi sun saba da shi, dariya kawai suka yi. Ni ne ba su yarda da ni ba tukuna. Ɗaya ya tambaya a fakaice ko ina cikin masu auna filaye, domin an ga ina ɗaga waya ina ɗaukar gonaki. Wani ya ce ko dai siyasa ce ta fara tun yanzu. Ban ga laifinsu ba. Baƙon da ya zo ƙauye da ƙafa yana kalle-kalle, a zamanin nan, dole a so sanin ko wane ne. Duk mai sha'awar irin wannan tafiya, ya nemi ɗan gari ya shige masa gaba, ya gaida mutane tun daga nesa, kada ya ɗauki hoton kowa ko gidan kowa bai tambaya ba, kada kuma ya taka shuka don neman yanke.

Da hankali ya kwanta hira ta yi daɗi. Mai unguwar ya san tarihin ƙasarsa: nan ƙasar Joɓawa ce, gidan da sarautar Makaman Kano take, kuma Utai, garin Malam Bakatsine na cikin jagororin jihadi a Kano, tana cikin wannan ƙaramar hukuma. Wani tsoho kuma ya kawo zancen gyaɗa, yadda a da ita ce kuɗin haraji da na aure, har fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta biyo baya a 1975 suka karya ta. Samarin garin fa? Aka nuna min hanyar da muka fito. Suna fadama, wasu nasu, wasu ƙwadago. Da can da an gama kaka sai cin rani, Kano ko Kudu. Yanzu da yawansu a gida suke kwana. Wannan ma aikin ruwan Tiga ne, kuma duk mai kukan burtali, irina, ya kamata ya sa shi a ma'auni.

Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta a gefe. Kawu ya ce, "Inna, dama mana ta mutum biyu, kada ki cika ruwa." Ta ce nononta ba ya son ruwa, na birni ne ake yi wa haka, tana faɗa tana kallona. Furar ta yi yaji daidai, ga kindirmo mai kauri. Muka yi azahar tare da su, sannan muka yi sallama.

Daga nan tafiyar ta zama ta gajiya. Rana ta take, rigar sanyin ta zama kaya, rairayi ya cika takalmi. Muka wuce wata makarantar firamare da iska ta yaye wa rufin aji guda, muka wuce injin niƙa, muka wuce yara suna jifan magarya. Kawu da ya ba ni shekaru masu yawa yana gaba, sandarsa na lilo, ni ina baya ina cin karas.

Ta wajen maginan tukwane muka shigo gari. Wudil ta yi suna a wannan sana'a, kuma yumɓun ma kyautar kogin ce. Ga tuluna da randuna da kasake an jera a rana suna shan iska, can gefe an tara waɗanda za a gasa, ana lulluɓe su da kara da ciyawa. Duk da robobi sun cika kasuwa, randa ba ta rasa masu nema ba, domin ba wutar lantarkin da take jira kafin ta sanyaya ruwa. Na taya wata ƙarama, mai ita ya ƙwanƙwasa ta da yatsa don in ji ƙararta, alamar ba tsaga. Kawu ya karɓe cinikin daga hannuna, ya ce in na buɗe baki da Hausar birni za a ninka min.

Kafin mu kai gida sai da muka tsaya a bakin titi muka ba shanu hanya. Gobe Juma'a, kara, wato kasuwar shanu, za ta ci, tun yau an fara shigo da su, wasu a ƙafa, wasu a manyan motocin da za su juya da lodi zuwa Kudu. Dillalai sun fara zagaye suna leƙa haƙora suna taɓa tozo. Kawu ya tsaya yana taya wani ɗan maraƙi da ba shi da niyyar saya, ni kuwa na samu dakalin wani mai shayi na zauna, na zazzage yashin takalmina, na ce a haɗa min mai kauri.